Tsoho da Gemun Gaske: Lacca Kan Kafa Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Dattawa a Jiwa

  

Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san abin da ke faruwa idan azumi ya kai kwana goma. Bayan shan ruwa yara kan fito suna bin gida-gida da tashe, kuma cikin wasannin da ba a rasa su akwai Tsoho da Gemu. Yaro ɗan shekara goma zai manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a bayan riga ya yi doro, ya dogara sanda yana karkarwa, abokansa na amshi, masu gida na dariya suna miƙa hatsi ko 'yan kuɗi. Ni dai wanda nake so ku duba shi ne mutumin da ke zaune kan buzu yana kallo. Sau da yawa tsoho ne na gaske, mai gemun gaske, ana kwaikwayonsa a gabansa ba tare da an tambaye shi komai ba. A finafinanmu ma haka abin yake: in ana bukatar tsoho sai a shafa wa matashi hoda a gemu, a ba shi tari da mantuwa da rigima, shi ke nan an gama da tsufa. Magana ɗaya na zo da ita yau. Ya kamata dattawan Jiwa, maza da mata, su kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo tasu ta kansu, wadda ba don riba aka kafa ta ba, su riƙa nuna wa garin nan abin da suka gani da idonsu, da bakinsu, ba da bakin wani ba.

Me ya sa Jiwa? Ku yi lissafi da ni. Wanda aka haifa a 1950 yana da kusan shekara 26 a Fabrairun 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da doka mai lamba 6 da ta yanki ƙasa kusan murabba'in kilomita 8,000 ta ce nan ne sabon babban birnin tarayya. Yana nan aka karɓi sunan Abuja daga garin da Abu Ja ya kafa a 1828, aka koma kiran tsohon garin Suleja. Yana nan aka ce za a kwashe kowa a fitar da shi wajen yankin, yana nan kuma a 1978 gwamnatin Obasanjo ta ga kuɗin ya fi ƙarfinta ta sauya shawara. Ya ga an kai mutanen Wuse Sabon Wuse, an kai na Maitama Kubwa. Yana da shekara 41 lokacin da Janar Babangida ya taso da kujerar mulki daga Legas ranar 12 ga Disamban 1991. Ya ga kasuwar Dei-Dei ta cika da katako da kwano da siminti a inda da ake noman doya da dawa, ya ga rusau na tsakanin 2003 da 2007 ya ratsa Karmo da Idu, jama'a suka kwararo garuruwan kusa suna neman ɗakin haya. Da wuya a sami wani wuri a Nijeriya da ƙasa ta juya a ƙarƙashin ƙafar mutum haka cikin rayuwa ɗaya. An rubuta tarihin Abuja daga ɓangaren masu zanen birni da ministoci da 'yan kwangila. Ɓangaren wanda ya wayi gari ya ga ƙusar safiyo a tsakiyar gonar ubansa, wannan yana cikin kan mutanen da ke zaune a ɗakin nan, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wani yanki nasa.

Sannan dattawan garin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'yan ƙasa, waɗanda kakanninsu ke binne a nan. Akwai kuma waɗanda Abuja ta kira: birkila da kafinta da direban tifa da suka zo aikin gini a shekarun 1980, masinja da akawu da suka biyo ma'aikatunsu daga Legas ko Kaduna, suka cika shekara 60 ko shekara 35 ta aiki, aka sayar da gidajen gwamnati ba su da abin saye, suka gangaro bayan gari inda haya ke da sauƙi. Ɗaya yana ganin birni ya cinye gonarsa, ɗayan yana ganin ya gina birni da hannunsa birnin ya tofar da shi. Suna haɗuwa a masallaci da coci da layin asibiti, suna gaisawa, amma kowa da nasa ciwon a ciki. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, sai dai waɗannan mutane zaman ya riga ya haɗa su; abin da ya rage shi ne su ji labarin juna.

Wani zai ce, to ai sai a ɗauko waya a naɗi hirarsu, me ya kai mu ga wasa? Naɗar hira abu ne mai kyau, kuma muna da shaida babba a kan darajarsa. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana rubuta labarin rayuwarta. Littafin ya fito a 1954, Baba kuwa ta riga ta rasu tun 1951. Har yau duk mai son sanin zaman aure da bauta da ƙawance a karkarar Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa sai ya bi ta kan maganar wannan tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji ba. Amma ku lura, labarinta ya tafi Ingila ya zauna a kantar littattafai, mutanen unguwarta ba su amfana da shi a lokacin ba. Wasa ya fi hira ta fuska biyu. Na farko, shaidu suna gyara juna. Idan mutum ɗaya yana ba da labari shi kaɗai, abin da ya ga dama zai faɗa. Idan kuwa mutum goma da suka halarci abu ɗaya za su nuna shi, sai an yi gardama kan wa ya fara magana, nawa aka biya diyyar bishiyar mangwaro, wa ya yi shiru da bai kamata ba. Na biyu, jiki yana riƙe abin da baki ya manta. Yadda matan Gbagyi ke ɗora kaya a kafaɗa maimakon a ka, yadda ake durƙusa wa suruki, yadda leburan gini ke layi ranar biya, ba a bayyana waɗannan da magana kamar yadda ake nuna su. A ƙauyen Kamiriithu na ƙasar Kenya, a 1977, da Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii suka rubuta wasa da harshen Gikuyu, manoma da ma'aikata ne suka gina dandalin da hannunsu, tsofaffin da suka ga yaƙin Mau Mau kuma suka riƙa gyara wa marubutan harshe da yadda abubuwa suka faru. Ngugi wa Thiong'o, malamin jami'a, ya koma ɗalibi a gaban tsoho.

Akwai kuma amfanin da ke komawa ga mai wasan kansa, ko da yake ba zan daɗe a kansa ba don kada a ɗauka magani nake talla. A 2004 Helga Noice da Tony Noice suka fitar da sakamakon wani bincike a jihar Illinois ta Amurka, inda suka raba dattawa 124 masu shekara 60 zuwa 86 gida uku: wasu suka yi wata guda suna koyon wasan kwaikwayo, wasu nazarin zane-zane, wasu ba a sa su komai ba. 'Yan wasan sun fi waɗanda aka bari haka nan wajen tuna kalmomi da warware matsala da jin daɗin rai. Bincike ne ƙarami, a wata ƙasa, kuma ba ya nufin wasa na warkar da ruɗewar tsufa. Amma ya dace da abin da kowa ya sani: tsohon da ake jira a wani wuri ranar Talata ya fi wanda ba mai jiransa ko'ina. Ba sabon abu ba ne a duniya. Ƙungiyar Stagebridge tana Oakland a Kalifoniya tun 1978. A Landan Pam Schweitzer ta kafa Age Exchange a 1983, aikinta mayar da tunanin tsofaffi wasa. A Japan wani gwanin shirya wasa, Yukio Ninagawa, ya nemi 'yan shekara 55 zuwa sama a 2006, mutum sama da dubu suka nema, ya ɗauki 48, suka yi ta wasa har ƙasashen waje.

Yanzu ga maganar da na san tana cikin zuciyar da yawa daga cikinku: girma. Kalmar ce ma ta jawo mana, domin mun kira abin wasa, wasa kuwa na yara ne, dattijo da ya yi shi girmansa ya faɗi. Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Mutumin da ya aurar da jikoki ba zai so a nuna shi ana ƙyalƙyata dariya ba. Sai dai mu tambayi tarihinmu wa ya yi wannan sana'a. A fadojin ƙasar Hausa an yi wasan gauta, inda matan gidan sarki ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu, kowa ya ga halinsa a jikin wani, kuma sarki da kansa ke zama ya kalla. Bayan kaka samari kan yi kalankuwa su naɗa nasu sarki da alkali. Malam Aminu Kano, wanda ya yi tafsiri kuma ba wanda ya taɓa kiransa mutumin banza, da wasan kwaikwayo ya fara faɗa da zaluncin masu mulki tun yana ɗalibi da malamin makaranta. Alhaji Yusuf Maitama Sule ya jagoranci ƙungiyar wasa a Kano, bai hana shi zama Ɗan Masanin Kano da wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Abubakar Tunau da Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi da Jatau Na Kyallu, duk manyan mutane ne. Ku tuna kuma da Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, da ya rasu a 2023. Abin da ya sa Samanja ya shiga ran mutane shi ne mai yin sa ya yi soja na gaske, ya san bariki ciki da bai, abin da ya rayu ya nuna. Ƙasimu Yero ya tsufa a wannan aiki har rasuwarsa a 2017. Abin da ke zubar da girma shi ne a sa dattijo ya zama abin dariya a wasan da wani ya tsara. In shi ya zaɓi labarin, shi ya zaɓi rawar da zai taka, to wa'azi yake yi da jiki.

Ta ɓangaren addini, malamai suna nan, su ne masu fatawa, ba ni ba. Abin da zan ce kawai shi ne ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar idi, kuma Nana A'isha ta kalla da izininsa. Abin da malamai ke kuka da shi a wasanni sananne ne: batsa, cakuɗuwar da ba ta dace ba, izgili da addini, shagala har lokacin salla ya wuce. Kowane ɗaya daga ciki ƙungiya tana iya rubuta hana shi a tsarin mulkinta tun ranar farko, ta kuma sa malami da fasto cikin masu ba ta shawara. 'Yan'uwanmu Kirista sun saba da wasan Kirsimeti da na Ista, zumuntar mata kuma ta iya shirya abu. Iyayenmu mata da ba za su fito gaban maza ba, sai su yi reshensu, su yi wasansu a tsakar gida ga mata da yara, kamar yadda wasan gauta ya kasance aikin mata tun asali. Ina ma zaton reshen mata zai riga na maza tsayawa da ƙafarsa, don su ne suka riƙe tatsuniya da waƙar daka da ta raino.

Batun rashin karatu ko raunin hadda kuwa bai kai ya tsayar da kowa ba. Wasan Hausa mafi ƙarfi ba a kan takarda ya tashi ba. A Damagaram, Yazi Dogo da abokansa sun shekara da shekaru suna cika rediyo da talabijin ɗin Nijar da wasanni, alhali abin da suke yi shi ne su zauna su yarda a kan ƙashin labari da fitowa-fitowarsa, maganar kuwa kowa ya zuba tasa a fili. Haka ƙungiyar Jiwa za ta yi. Mutum goma sha biyu zuwa ashirin sun isa. A haɗu sau biyu a mako, da hantsi ko bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Makonnin farko hira kawai za a yi kan abu ɗaya, a ce ranar da aka fara jin labarin za a kawo birni, kowa ya faɗi inda yake da abin da ya ji. Daga nan a tsamo labari ɗaya a kasa shi fitowa huɗu ko biyar, kada ya wuce minti arba'in. Mai ciwon gwiwa a ba shi rawar alkali ko mai unguwa ya yi ta a zaune. A yi wasa da rana, a filin firamare ko ƙofar fada in an ba da izini, don kada a shiga neman janareta da mai. Kayan wasa suna cikin adakar kowa.

Saura magana mafi wuya, ta ciki. Za a ce tsohon da fanshonsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ko wanda bai taɓa aikin da ake ba da fansho ba, wanda kuɗin maganin hawan jini ya gagare shi, wasa za a kawo masa? Gaskiya ne, wasa ba ya cika tukunya, kuma duk wanda ya ce muku wannan ƙungiya hanyar samu ce ya yaudare ku. Amma a nan ne dalilin kafa ta ba don riba ba yake. Ma'anar hakan ba wai kuɗi ba zai shigo ba. Ma'anarsa duk abin da ya shigo na aikin ƙungiya ne, ba a raba shi kamar ribar kanti. Ana iya biyan kuɗin mota da ruwan sha da hayar lasifika, ana iya ware asusun duba mara lafiya cikin 'yan ƙungiya in tsarin mulkinta ya tanadi haka. Dokar kamfanoni ta 2020 ta buɗe wannan ƙofa a ɓangarenta na amintattu: a zaɓi amintattu biyu ko fiye, a rubuta tsarin mulki, a kai wa Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Dokar ta hana raba dukiyar ƙungiya ga 'ya'yanta, ta kuma wajabta kai rahoto duk shekara. Shawarata ita ce kada a yi gaggawar rajista. Kuɗin lauya da na jarida za su cinye asusun da bai tsaya ba. A fara yadda ake fara adashe, da ɗan abin da kowa zai iya sawa duk wata, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, kuɗi kada ya fita sai da hannu biyu. In an yi shekara ana haɗuwa, an nuna wasa biyu ko uku, sannan a nemi takarda. Da takardar a hannu ne za a iya buɗe asusun banki, a kuma ƙwanƙwasa ƙofar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa hannu kan dokarta a 2018 ta fara aiki a 2021, ga ta nan cikin Abuja, ko cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Area 10 a Garki, ko ƙaramar hukumar AMAC da Jiwa ke cikin mazaɓunta goma sha biyu.

Abin da na fi tsoro ba rashin kuɗi ba ne, zuwansa ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta yi abin a yaba tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah da ɗalibansu suka riƙa shiga Samaru da Bomo da Maska suna shirya wasa kan matsalolin mutanen wurin. Su da kansu daga baya suka gane rauninsa: in wasan na baƙi ne, ranar da motar jami'a ta juya ranar ya mutu. Shi ya sa suka koma neman mutanen gari su zama su ne 'yan wasan. Yau hatsarin ya sake kama. Ƙungiyoyin agaji za su zo da kuɗi su ce a yi wasa kan rigakafi ko wanke hannu, abu ne mai kyau, a yi musu lokaci-lokaci. Amma in ya zama shi ne abincin ƙungiya, dattawa sun koma allon talla. Ɗan siyasa zai zo da shadda iri ɗaya da hula mai hotonsa gab da zaɓe. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ƙungiyar da ke son nuna yadda aka raba filaye ba za ta iya cin ladan masu raba filaye ba. Kada kuma a ɗauka abin ba ya cizo: gwamnatin Kenya ta hana wasan Kamiriithu, ta tsare Ngugi wa Thiong'o shekara guda ba shari'a, a 1982 ta rushe dandalin. Ba na fatan haka a nan, kuma hikimar tsofaffi ta san yadda ake faɗin gaskiya ba a kama suna ba. Akwai wani hatsarin na cikin gida. Cikin tashenmu akwai Macukule, wanda ke kwaikwayon Bagwari, wato ɗan Gbagyi, da harshensa don dariya. A Kano ana ɗaukarsa wasan barkwanci; a Jiwa, inda mai wannan harshe maƙwabcinka ne kuma ƙasar kakanninsa kake zaune, dole a yi hattara. Dokar da zan ba da shawara a rubuta ita ce kowa ya taka rawar mutanensa da harshensa, in ya so wani ya fassara wa 'yan kallo da Hausa.

Matasa suna da wuri a wannan aiki, amma a bayan fage. Su ɗauko kujeru, su rako kaka, su riƙe lasifika, ɗaya ya zama magatakarda mai rubuta ƙashin kowane wasa a littafi. Su ne kuma za su ɗauki hoton wasan da waya, kuma a nan wayar da ake cewa ta kashe dandali za ta yi mana aiki, don jikan da ke Legas ko Fatakwal zai ga kakarsa a WhatsApp tana nuna yadda aka yi cinikin aurenta. Sai dai a yanke tun farko cewa faifan mallakar ƙungiya ne, ba a sa shi a Facebook ko TikTok sai wanda ke ciki ya yarda, a kuma ajiye kwafi biyu, ɗaya a hannun magatakarda, ɗaya a makarantar gari. Wasan farko, in da za a bi tawa, ya zama na ranar da masu awo suka fara shigowa gona. Za a bukaci manomi da matarsa, mai unguwa, tafinta, da saurayin ma'aikaci mai riƙe da igiyar awo yana jin shi ne gwamnati. Wannan rawar ta ƙarshe a ba wa wanda ya yi aikin da gaske a shekarun 1980, in akwai shi a cikinku, ya tsaya gaban mutumin da aka auna wa gona su maimaita abin da suka ce wa juna.